Tayil Uku Gaba, Ɗaya Hagu

Shekarar da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye, gero ya fara fitar da kai lokacin da muka ɗauko ta daga Kebbe zuwa gidana a Tambuwal. Ba da son ranta ba. Tana kwance a bayan mota, kanta a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai ta ce a mayar da ita ɗakinta, ita ba ta saba mutuwa gidan suruki ba. Maigidana yana gaba kusa da direba, ya yi kamar kunnensa ya toshe. Na ce, "Inna, ai ba wanda ya saba mutuwa ko'ina." Ta sa hannunta mai lafiya ta mintsine ni.

Mu biyu muka rayu cikin waɗanda ta haifa. Akwai Yaya, ɗan farinta, yana aikin gwamnati a Sakkwato, sai ni da ke zaune gida da yara. Jinya ta faɗo kaina, ban kuwa ƙi ba. Na kwashe tarkacen ɗakin da ke kusa da nawa, mai fararen tayil ƙanana, kowane faɗinsa kamar taku ɗaya. Na sa gadon ƙarfe can wajen yamma, kai kudu ƙafa arewa, yadda in ta kwanta a damanta za ta fuskanci bangon gabas. A bangon nan akwai taga ta wajen hagu, da kabad ɗin kwanukana a kusurwar dama. Tun ba a gama sauke ta ba ta ce, "Ina gabas?" Na nuna mata bango. Ta ce to. Mu haka muka tashi, gabas ita ce alƙibla, ba mu san wata magana bayan wannan ba.

A kwance take salla, a kan damanta, tana nuni da kai. In na yi mata alwala sai in shimfiɗa dardumata a gabanta, tsakaninta da bango, kowa ta yi tata amma lokaci ɗaya. Ina jin motsin leɓenta a bayana kamar ana tsintar shinkafa a faifai.

Sati na uku Yaya ya zo. Sai na ɗan faɗi yadda suke da Inna, don maganar duk a nan take. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Sakkwato" take cewa. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son ya yi abu sai ta ce da ni, "A gaya mashi," alhali yana zaune taku biyu daga gadonta. Ranar da ya gama jami'a ya zo da takardarsa yana murna, cewa ta yi a duba ko an ba kaji ruwa. Ya girma, ya yi furfura a gemu, bai taɓa jin ta yabe shi ba.

Ran nan ya dubi dardumata a shimfiɗe ya ce, "Ke, wa ya ce maki nan ne alƙibla?"

Na ce, "Rana ta ce mani. Nan take fitowa."

"Rana ba ta taɓa zuwa Makka ba," in ji shi. Ya zaro wayarsa, ya buɗe wani abu mai kibiya, ya yi ta juya wayar a iska kamar mai korar ƙuda, sannan ya aje ta a ƙasa. Kibiyar ta yi rawa ta tsaya. Ba bangon ta nuna kai tsaye ba, ta karkata hagu, wajen taga. Maigidana ya gwada da tasa wayar, ita ma can ta nuna. Ya ce ai sabon masallacin unguwa ma haka aka karkatar da shi, shi ya sa ginin bai bi titi ba.

Yaya ya sa aka kawo zare da ragowar shuɗin fentin ƙofa. Ya ja zaren bin kibiyar, ni kuma na bi da tsinken tsintsiya ina ɗiga fenti a ƙasa. Ina ɗigawa na lura da wani abu: in ka tashi daga kusurwar tayil ka ƙirga uku gaba, ɗaya hagu, sai ka faɗa kan zaren, ko kusa da shi ƙwarai. Uku gaba, ɗaya hagu, har jikin bango.

Daga nan ya juyo kan gado. Ya ce, "Tun da alƙibla ta karkata arewa, sai a tura wajen arewa na gadon gaba." Magana ce mai daɗin ji, ba wanda ya musa, har ni. Shi da maigidana suka ɗaga wajen ƙafafun Inna suka matsar da shi gabas, kan ya tsaya inda yake. Yaya ya ja baya ya karkata kai ya duba, ya ƙara matsarwa kaɗan, ya kakkaɓe hannu. Inna kuwa idonta a rufe kamar ba da ita ake yi ba.

Motarsa ba ta kai Dogon Daji ba Inna ta fara. Duk wadda ta shigo dubiya, kafin ta gama "ya jiki" Inna ta tare ta: "Kin ga gadon nan? Mutumin Sakkwato yaz zo ya auna da na'ura. Daidai da Ka'aba nike, ba ragi ba ƙari." Wata tsohuwar ƙawarta mai kawo mana nono daga Jabo ta ce, "To ke da kinka riga mu isa, in kin je ki kama mana wuri." Inna ta yi dariya da rabin bakinta har da hawaye. Da yamma ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce, a hankali, ba da wasa ba, "Yanzu hankalina ya kwanta. Ko yau mala'ika yaz zo, kada kowa shi wahal da kansa wajen juya ni. Na riga na juyu."

Kwana uku bayan haka, da la'asar, na yi sallama ta dama, na waiga in ga ko ta idar. Idonta a buɗe, tana kallon gabanta, inda fuskarta ta dosa. Na bi kallon nata da ido. Ba taga ya nufa ba. Kabad ya nufa.

Na ce ko idona ne. Na bari sai da ta yi barcin hantsi washegari, na kwanta a ƙasa a gefen gadon, na daidaita jikina da ƙarfensa, a kan damana, kamar yadda take. Na buɗe ido. Ga kwanukana na aure suna kallona ta cikin gilashi. Ɗige-ɗigen shuɗin fenti sun kama hanyarsu can hagu, ni kuma ina fuskantar dama. Na tashi na ɗauko darduma na haɗa gindinta da gefen gadon, ta miƙe ta tafi kabad ita ma. Kafin Yaya ya taɓa gadon, Inna ta ɗan kauce wa alƙibla ne kaɗan. Yanzu kaucewar ta ninka.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a ƙofar ɗakinta ina kallon ƙasa. Miya ta kama sau biyu a sati ɗaya, ni da ban taɓa ƙona miya ba tun ina amarya. Na je barka gidan maƙwabta, ana ta guɗa ana miƙa jariri, ni ina ƙirga tayil ɗin falonsu. Sau fuɗu na ɗauki waya na kira Yaya, sau fuɗu na ƙare da tambayar lafiyar yara da ko an samu ruwa a Sakkwato. A kira na ƙarshe shi ya tsayar da ni. Ya ce matarsa ta ji a bakin wata wai Inna tana ba mutane labarin gado. "Da gaske ne? Da bakinta ta ce ni na auna?" Na ce da bakinta. Sannan ya ce, "To, madalla," da wata murya da ban san yana da ita ba. Na kashe wayar na zauna a bakin rijiya na rasa abin da ke mini daɗi.

Na gaya wa maigidana. Ya shiga ya leƙa ya fito ya ce, "Ni dai gado na gani." Na ce ya kwanta a ƙasa ya gani da idonsa. Ya ce shi da girmansa ba zai kwanta a ƙasan ɗakin surukarsa ba, in ta farka ta gan shi me zai ce, ya zo neman kuɗin da ya faɗi? Amma mutum ne mai sauƙin kai, ya tambayi limamin unguwa bayan azahar ba tare da ya ce gidan wa ba ne. Ya dawo da amsa: wanda yake nesa da Ka'aba, ɓangaren da take ya ishe shi, kuma maras lafiyan da ya yi iyakar ƙoƙarinsa babu komai a kansa, ba zai rama sallar da lokacinta ya wuce ba. Na yi hamdala. Na samu natsuwa daga azahar zuwa magariba. Da na shiga yi mata alwala ta dafa ƙarfen gadon kamar mai shafa kan jika, sai abin ya dawo sabo. Ba ingancin sallarta ne ya hana ni sakat ba, na yarda da malam. Abin da ta ce ne: kada a juya ta. Amana ce ta ba ni a kan abin da ta ɗauka gaskiya ne, ni kaɗai kuma na san ba haka ba ne.

Na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina goge ɗaki, na sa gwiwa na tura ƙafar gadon baya kamar faɗin tafin hannu. Niyyata kullum in riƙa turawa kaɗan kaɗan har ya isa inda ya dace ba wanda ya sani. Ko tsumman ban matse ba ta ce, "Wa ya taɓa gadon ga?"

Na ce, "Shara nika yi, Inna."

"Maishe shi inda mai shi ya aje shi. Ke mi kinka sani ga na'ura?"

Na mayar. Na fita na yi istigfari, don in ban yi ƙarya da baki ba na yi da gwiwa. Kuma da na zauna na yi tunani, sai na ga ko da ta bar ni, ban san inda zan tsayar da gadon ba. Na san inda yake ba daidai ba ne, shi ke nan. In Yaya ya ce, "To ina ne daidai ɗin?" me zan ce, in ce jikina ya ba ni?

Amsar ta zo daga jakar makarantar babbar ɗiyata. Ina neman kwanon abincinta da ta saba mantawa a ciki, sai ga littafi mai ƙananan gidaje kore-kore, irin wanda ake zana layi a darasin lissafi. Na buɗe na tsaya. Na dubi littafin, na dubi ƙasan ɗaki. Ashe kwana da kwanaki ina tafiya a kan shafin giraf ban sani ba.

Sai ga malaminmu na lissafi a sakandare ya faɗo mini a rai, wani dogo mai alli har a gira, wanda in ya yi fushi yake kiranmu "iyayen gobe". Shi ya koya mana abin da ake ce wa giradiyan, wato yawan hawan da layi ke yi in ya ci gaba. Ka ƙirga nawa ya hau, ka raba da nawa ya tafi. Kuma ya ce in layi biyu suka haɗu suka yi kusurwa irin ta bango da ƙasa, to in ka san na ɗaya ka san na ɗayan. "Ku kifa lambar, sannan ku sauya mata hali. In mai hawa ce ta koma mai gangara. Wadda ta kifa ta manta hali, ta zo ta karɓi bulalarta." In ka ninka su biyun, dole ka samu ɗaya mai alamar ragi a gabanta. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, na yi aure, na aje ta tare da takalman makaranta. Shekara ashirin ban waiwaye ta ba.

Na ɗauki fensir na zauna a dokin ƙofa. Layin alƙibla: uku gabas, ɗaya arewa. Ɗaya bisa uku ke nan. Gadon da zai gicciye shi daidai, a kifa, ya zama uku, a sauya hali, ya zama uku mai alamar ragi. Na shiga ɗaki a hankali na ƙirga daga ƙafar gadon ta wajen sawunta zuwa ta wajen kanta: tayil shida kudu, biyu yamma. Na zana shi a littafin. Uku ne cif, amma mai hawa, ba ragi. Yaya ya kifa lambar da idonsa kawai, har na yi mamakin yadda ya dace, amma bai sauya mata hali ba. Kamata ya yi kan ya zama shida kudu, biyu gabas. Kan ne ya kamata ya matsa gaba, ba ƙafafun ba.

Na yi zaton sanin zai kwantar mini da hankali. Ƙara tayar da shi ya yi. Da ina shakka ina da wurin ɓuya. Na ɗauki takardar na ninke na sa ƙarƙashin filo, na ciro, na sa cikin kabad, na ciro. Na yi ta raya yadda fuskar Yaya za ta yi. Abu ɗaya tak uwarsa ta taɓa yabonsa a kai a duniya, ni kuma in zo da fensirin yarinya in soke.

Ran kwana goma da safe ina ba ta kunu ta sarƙe. Tari ya turnuƙe ta, fuskarta ta yi duhu, idonta ya kafe. Na ɗago ta ina bubbuga bayanta ina salati, kuma Allah ya sani, cikin wannan halin, ɗayan hannuna yana riƙe da ƙarfen gado ina tunanin ko zan iya jan sa ni kaɗai da ita a kai. Numfashin ya dawo. Ta koma ta kwanta tana haki, ta ce kunun ya yi kauri, ban iya damu ba har yau. Na fita tsakar gida na kira Yaya. Ban tambayi ruwan Sakkwato ba. Na ce, "Ka zo ran Asabar, akwai magana, kuma ba ta waya ba ce."

Ya iso da hantsi. Ban bar shi ya shiga wurinta ba, na tare shi a falo, tayil ɗinsa iri ɗaya ne da na ɗakinta. Na miƙa masa takardar na yi bayani. Ya duba ya yi murmushi.

"Ikon Allah. Yau kuma farfesa muka samu a gidan? Ke da kika bar lissafi tun ana hawan jaki zuwa Kebbe?"

"Na bar shi, shi bai bar ni ba."

"Waya biyu suka nuna, ke kina gardama da tauraron ɗan'adam da fensir."

"Ban yi gardama da waya ba, Yaya. Layinka daidai ne. Gadon ne."

"Alƙibla ta yi arewa, na tura arewa. Mi ya rage?"

Na ga takarda ba za ta yi ba. Na ce ya tashi tsaye, don Allah, ya yi mini abu ɗaya ko don zumunci. Ya tashi yana cewa Allah ya sa kada maƙwabta su leƙo. Na tsayar da shi a kusurwar wani tayil, fuskarsa gabas, na aje murfin kwano a wurin. Na ce ya taka uku gaba, ɗaya hagu. Ya taka. Na aje lemo a inda ya tsaya, na ce wannan ita ce alƙibla. Ya ce ya sani, shi ya gano ta. Na ce ya koma kan murfin. Ya koma.

"To yanzu juya damanka gaba ɗaya, ka fuskanci kudu, inda kan Inna yake. Gado ai alƙibla ce da aka juya ta kwata guda, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To sake irin tafiyar ɗazu, kada ka canza komai. Uku gaba, ɗaya hagu."

Ya taka uku. Ya ɗaga ƙafa zai taka ta hagun, sai ƙafar ta tsaya a sama. Hagunsa yanzu gabas ne. Ya sauke ta a hankali. Ya dubi murfin, ya dubi lemon, ya dubi inda yake tsaye. Ya koma ya sake tun daga farko, ba tare da na ce ba, har sau biyu. Maigidana da ke bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, in rawa ce a kira makaɗi." Yaya bai yi dariya ba. Ya zauna a hannun kujera ya cire hula ya riƙe.

"Kan ne ke zuwa gabas," in ji shi. "Ni na tura ƙafa."

Na ce, "Kowa zai yi haka. Ni ma ina wurin, ban ce komai ba."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sha biyu."

Ya daɗe yana juya hular. Maigidana ya kawo shawara a ce mata za a yi feshin sauro, a fitar da gadon a mayar da shi daidai, ba wanda ya ji kunya. Na ce ta gane faɗin tafin hannu, balle wannan. Yaya ya ce a'a, ko da ba za ta gane ba. Ya mayar da hularsa ya miƙe.

Ya durƙusa a inda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Sannan ya ce, "Inna, gadon nan na yi kuskure. Na karkatar da shi ta inda ba nan ba. Ƙanwata ta gano, kuma ita ke da gaskiya. Ki yafe mani."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina murɗa gefen zanena. Can Inna ta ce, ba shi ta duba ba, ni ta duba, "To ina nika kallo duk kwanakin ga?"

Na ce, "Kabad, Inna."

"Kwana sha biyu ina gaida kwanukanki."

Maigidana ya yi maza ya faɗi abin da liman ya ce, cewa sallarta ta yi, babu ramuwa. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji, Allah ai ba azzalumin bawansa ba ne. Sai ta sake juyo da idonta kaina.

"Ashe ke ta ke daidai. Ni kullum ina ganin dardumarki ta yi wani waje, ni na yi wani. Na ce yarinyar ga ta ɓace, ta kasa bin layin da anka zana mata. Na rasa yadda zan gaya maki kada in kunyata ki gidan mijinki. Kullum sai na roƙa maki Allah shi karɓa hakanan."

Na zauna a ƙasa inda nake, ina dariya ina kuka. Ashe duk kwanakin nan da nake kaiwa da komowa, ita ma tana kwance da nata, kowa na tausayin 'yar'uwarta.

Suka kama gadon su biyu, ni ina ƙirgawa da ƙarfi. Daga ƙafar sawu, shida kudu, biyu gabas, nan ƙafar kai za ta zauna. Yaya ya ce in sake ƙirgawa. Na sake. Ya ɗauki dardumata da kansa ya haɗa gindinta da gefen gadon, ta miƙe ta bi shuɗin ɗige-ɗigen har taga. Bai tsaya nan ba, ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, a kan damansa, ya duba. Ya ce, "Zogale nike gani." Inna ta ce ita ma shi take gani, kuma a gaya wa masu gidan ya isa a sare masa kai, ya yi tsawon banza.

Na kawo fenti na zagaye ƙafafun gadon fuɗu. Yaya ya tashi yana kakkaɓe riga, ya yi mata sallama zai fita, kansa a ƙasa. Har ya kai ƙofa ta ce, "A gaya mashi." Muka tsaya. Ta ce, "A gaya mashi uban shi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba har ya koma ga Allah. A gaya mashi ya fi shi nan." Yaya bai juyo ba. Ya tsaya riƙe da labule, sannan ya fita da sauri, sai a mota maigidana ya same shi.

Masu dubiya kuwa labari ya sauya amma bai ragu ba. "Mutumin Sakkwato ya auna da na'ura, wagga ta auna da ƙafa, sannan anka samu daidai." Mai nonon Jabo ta ce to yanzu in an ƙara juya ki sai Madina.

Wata bakwai ta ƙara a ɗakin. Zogalen an sare shi ya sake tohowa tana kallo. Ranar da abin ya zo, da walaha ne, ina zaune a gefenta ina karanta mata abin da ya sawwaƙa, tana kan damanta. Matan da suka shigo daga baya, wata ta ce a gyara ta a fuskantar da ita. Na duba ƙafafun gadon, kowace tana cikin da'irarta. Na ce a bar ta, ta riga ta juyu.

An fitar da gadon tuni, ɗakin ya koma na yara mata. Shuɗin ya fara gogewa, biyu daga da'irorin sai wanda ya san wurinsu. Yaya in ya zo yakan leƙa ɗakin kamar yana neman wani abu, sannan ya fito. Ni kuwa ƙirgan bai sake ni ba. Ko asibiti na je dubiya, ina gaisuwa idona na ƙasa, ina neman gabas, ina duba ta ina aka tura kan gado.